Hancin Don Eufemio da Kwalbar Mamaci

"Ni fa hancin nan nawa, in na bi ta bakin gona na shaƙi iska, sai in gaya maka ko tsiron agaben nan zai yi giyar tekila ta kirki ko ta wankin ƙafa. A rufe min ido, a ɗiga min ɗigo ɗaya a harshe, in faɗa maka gonar, in faɗa maka gangar da ta kwana a ciki, in faɗa maka ko wanda ya dafa ta ya yi faɗa da matarsa ran nan!"

Mai wannan magana, ɗan'uwa, ba kowa ba ne illa kompadre na, Don Eufemio, mai shagon fenti da ƙusa a bakin kasuwar garinmu. Kompadre na ne na gaske, shi ya riƙe ɗana a coci ranar baftisma, don haka ni Chano ina da ikon yi masa tsiya, wani ba shi da shi. Gajere ne, tumbi a gaba kamar ya haɗiye tulu, gashin baki kamar an manna masa tsintsiya biyu, ga hanci kamar dankali. Mutumin da ke wuni cikin warin fenti da kananzir, shi ne wai sarkin hancin duk ƙasar Jalisco. A bayan idonsa Sarkin Hanci muke ce masa. A gaban idonsa ma haka, don shi a tsammaninsa yabo ne.

Ga abin da ya kawo wannan cika baki. Kowace shekara in bikin gari ya zo, ana jera alƙalai a dogon tebur a dandali, su ɗanɗana tekilar kowa, su faɗi wadda ta fi. Bana kujera ɗaya ta zauna babu mai ita, don tsohon da ke kanta likita ya ce hantarsa ta yi ritaya. Mai ba da kujerar kuwa Don Leocadio ne, shugaban kwamitin biki, dattijo dogo mai ƙarancin magana, irin mutanen da in sun dube ka sai ka fara tuna zunubanka.

Kompadre ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan kamar kaza da tsaba. Tun ba a ce masa komai ba ya je wurin baduku ya sa an yi masa bel mai ado, an rubuta ALƘALI a baya da manyan baƙaƙe.

Na ce, "Kompadre, ba ka bari a haifi ɗan kafin a yanka rago?"

Ya ce, "Chano, kai direban mota ne, kawunan agabe kake ɗauka, amma kanka babu komai. Zan kira Don Leocadio gidana cin abinci, in shirya ɗanɗano irin na manya. Kafin ya sha kofi na biyu da kansa zai ɗauko kujerar ya kawo min. Ka zo ka ƙaru."

Na ce ai ko ba a gayyace ni ba ina tafe.

Aka sa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Kwanaki kaɗan ke nan da wucewar bikin matattu, teburin da aka shirya wa marigayi surukinsa Don Tiburcio yana nan a falo ba a kwashe ba: hoto, kyandir, furanni ruwan ɗorawa, turaren wuta, da kwalbar nan a tsakiya. Duk garin nan babu wanda bai san kwalbar ba. Ita ce ta ƙarshe a cikin tekilar da Don Tiburcio ya dafa da hannunsa, ya bar ta ta tsufa a ganga har ta yi launin zuma. Matarsa Doña Nicanora kan fito da ita sau ɗaya a shekara, ta ajiye masa don in ya zo ziyara ya jiƙa maƙogwaro, sannan ta mayar ta kulle. Tsohuwa ce 'yar firit, kullum a naɗe cikin baƙin mayafi, kullum da butar shayinta ta ƙasa da ɗan kofinta a gefe.

Ranar da sassafe na je wai taya aiki. Na tarar kompadre ya mai da gidan bariki, yana ta ba matarsa Otilia oda.

"Otilia! Kada kowa ya shafa turare yau! A kashe turaren wutan can! A fitar da furannin nan, suna rikita min hanci!"

Doña Nicanora ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, furannin mijina ne. In sun dame ka, kai ka fita."

Ya haɗiye wannan, ya juya kan matarsa. "Kuma naman akuyar nan, kada ki sa barkono ko ƙwaya ɗaya. Barkono yana kashe harshe. Haka masana suke yi a Guadalajara."

Otilia ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu. "Kai tsoho, ka ji kanka kuwa? Farfesun biriya babu barkono? Baƙi ka kira ko marasa lafiya?"

"Na gama magana."

"To, Allah ya raya mana masana."

Ta yi yadda ya ce. Amma ni da idona na ga ta daka barkonon nan 'yan sirara na Yahualica, waɗanda ko shaiɗan sai ya yi addu'a kafin ya ci, ta zuba a kwano ta ɓoye bayan tukunya don kanta. Na gani, na ajiye a aljihun zuciya.

Rana ta take, Don Leocadio ya iso da 'yar kwalba a hannu, babu takarda a jikinta. Aka zauna a tsakar gida ƙarƙashin itacen lemo. Kompadre ya jera dogayen kofunan gilashi masu ƙafa ɗaya kamar balbela, waɗanda ya sayo daga birni, don wai ƙananan kofunanmu na gado na jahilai ne. Aka kawo nama da tortiya, wainar masararmu, masu zafi. Don Leocadio ya ɗebi romo ya kai baki, ya tauna nama a hankali, ya dubi kwanon, ya dubi Otilia.

"'Yata, wani ne ba shi da lafiya a gidan nan?"

Otilia ta ce, "A tambayi maigida, ranka ya daɗe."

Kafin kompadre ya buɗe baki ya fara karatun masana, na yi wuf na shiga. Na yi murya irin ta mai tausayi na ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Kompadre ba ya iya cin barkono. Cikinsa irin na jarirai ne. Akwai dakakke a kicin, amma ɓoye masa ake yi, kada ya gani ya firgita."

Ɗan'uwa, a garinmu ka ce wa namiji ɓarawo, zai iya yafe maka. Amma ka ce ba ya iya cin barkono, kuma a gaban baƙo? Gashin bakin kompadre ya miƙe tsaye.

"Ni? Ni Eufemio? Ni da aka yaye ni da barkono? Otilia, kawo kwanon nan!"

"Tsoho, kai fa ka ce yana kashe..."

"Harshen ragwaye yake kashewa! Kawo!"

Aka kawo. Don Leocadio ya ɗiga kaɗan a romonsa kamar mai sa magani a ido. Kompadre kuwa ya cika cokali ya kai baki haka nan, babu nama babu tortiya, yana kallona. Ya ƙara wani. Ya ƙara wani, don in ji haushi.

Da farko kamar ba komai. Can sai kunnuwansa suka yi ja, sannan wuya, sannan dankalin da kansa. Ido ya kawo ruwa, hanci ya ɓalle kamar famfon da ya lalace. Zufa ta bi gashin baki tana ɗiga a faranti.

Na ce, "Kompadre, lafiya? Kuka kake yi?"

Ya ce, "Daɗi ne... daɗi... ya tuna min mahaifiyata."

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Harshe ya mutu, hanci ya toshe, kuma yanzu ne za a fara ɗanɗano.

Don Leocadio ya tura 'yar kwalbarsa tsakiyar tebur. Ya ce, "Eufemio, an ce hancinka ba ya kuskure. Ga wata fara, sabuwar dahuwa. Me ka gani?"

Kompadre ya zuba, ya ɗaga kofin ga rana, ya juya shi, ya tura hanci ciki ya ja. Abin da muka ji kawai ƙarar majina. Ya kurɓa, ya wasa baki, ya lumshe ido. Babu abin da yake ji sai wuta, amma ina zai yarda? A ransa ya ce kwalba babu takarda, ai ta 'yan ƙauye ce, kuma babban masani da kushe ake gane shi.

Ya yamutsa fuska ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya cuce ka da wannan? Ai irinta nake sayarwa a shago ana wanke burushin fenti. An sare agaben bai nuna ba, an dafa shi da gaggawa, kuma wanda ya dafa ta, ka gafarce ni, jaki ne. Ko jakin ma mai mura."

Don Leocadio ya goge bakinsa da adiko a hankali. Ya ce, "Ni na dafa ta."

Kompadre ya ajiye kofinsa a hankali kamar ƙwai. Otilia ta dafe goshi. Ni kuwa na sunkuya wai ina ɗaure takalmi, alhali takalmina ba shi da igiya.

Kompadre ya yi dariyar yaƙe. "Ai... ai gwada ka nake yi, ranka ya daɗe! Raha ce irin ta masana! Bari dai in kawo maka abin da ya dace da bakin manya."

Ya tashi, ya shige falo. Muka ji motsin kyandir. Sai ga shi ya fito rungume da kwalbar mamaci kamar mai ɗauke da jariri.

Otilia ta miƙe. "Eufemio! Ta Baba ce! Ka haukace?"

"Baba ya riga ya sha nasa, ya koma. Da yana nan da kansa zai zuba wa Don Leocadio."

Duk muka juya muna kallon Doña Nicanora, muna jiran gari ya kama da wuta. Tsohuwa ta kurɓi ɗan kofinta, ta gyara mayafi, ta ce, "Ku bar shi. Ai shi ne masani."

Kompadre ya cire murfi. Don Leocadio ya miƙo kofinsa, idonsa har ya yi haske, amma kompadre ya ɗaga hannu.

"Haƙuri, ranka ya daɗe! Irin wannan ba a afka mata. Sai masani ya fara buɗe hanya."

Ya zuba wa kansa shi kaɗai. Launin zuma, babu shakka. Ya kurɓa. Barkonon da ke bakinsa ya sake tashi, wuta ta bi maƙogwaro har ciki, shi kuwa ya ɗauka ƙarfin tekila ne.

"Kai! Kun ji wuta? Wannan ita ce wutar maza! Ina jin jar ƙasar tudu. Ina jin gangar katako, tsohuwa, wadda aka sare itacenta da damina. Ina jin zufar surukina, Allah ya ji ƙansa!"

Ya shanye, ya ƙara. Ya ce kofi na biyu shi ke faɗin gaskiya. Ya shanye, ya ƙara na uku, ya ce wannan na girmama mamaci ne. Kafin ka ce kwabo idonsa ya fara lumshewa, harshe ya fara karyewa. Ya miƙe yana tangaɗi, ya dafa itacen lemo, ya ɓarke da waƙar soyayya da murya kamar ana yanka bunsuru. Ya zo ya rungume Don Leocadio.

"Leocadito! Ɗan'uwana! Ka ga ƙarfinta? Da kofi uku ta kayar da ni, ni da ba a taɓa kayarwa ba!"

Garin rawa rigarsa ta ɗage, ga ALƘALI ɓaro-ɓaro a bayansa. Don Leocadio ya karanta. Ya zare kwalbar daga hannunsa, ya zuba wa kansa, ya zuba min. Muka shaƙa. Muka kurɓa. Na dubi dattijo, dattijo ya dube ni.

Ya ce, "Chano, me ka ji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba masani ba ne. Amma irin wannan kakata take ba ni in ina tari."

Ya ajiye kofin. "Shayin kirfa ne. Da ɗan sukari."

Waƙa ta tsaya a tsakiyar baiti. Tangaɗi ya tsaya cak, kamar an taka birki. Ban taɓa ganin maye ya saki mutum da sauri haka ba.

Amma kada ka raina kompadre, ɗan'uwa. Ko a rijiya ya faɗa sai ya ce wanka ya shiga. Ya dubi kwalba, ya dubi falo, sai fuskarsa ta washe.

"Ai shi ke nan! Kun manta? Duk abin da aka ajiye wa matattu, in sun zo sukan zuƙe ƙarfinsa su bar ruwa! Kowa ya san haka! Baba ne ya zuƙe ta! Ku bakinku ruwan da ya rage ya ji, ni kuwa hancina ya jiyo tekilar da ta tafi lahira. Ranka ya daɗe, a duk alƙalanka akwai mai jin ƙanshin abin da babu shi?"

Na rantse har na so in tafa masa. Don Leocadio ma gefen bakinsa ya ɗan motsa. Da kompadre ya yi shiru a nan, wa ya sani, wataƙila da an ba shi kujerar ko don nishaɗi.

Sai Doña Nicanora ta ɗauki butarta ta ƙasa, ta tsiyaya a ɗan kofinta, ta miƙa masa.

"Ɗana, ka sha wahala. Ungo, jiƙa bakinka. Ka kuma faɗa wa baƙo me tsohuwa take sha, tunda hancinka har lahira yake kaiwa."

Ya karɓa da isa, ya kurɓa. Wuta ta sake tashi a bakinsa, amma yanzu ya yi wayo, ya san barkono ne. Ya taɓe baki.

"Mama, wannan ai ko yaron goye ya sani. Shayinki ne na tsofaffi. Kirfa ta yi yawa, ruwa ya yi yawa, kuma butar tana son wanki."

Ya juya zai watsar da sauran a gindin lemo. Don Leocadio, wanda ƙanshin ya riga ya kai masa, ya yi tsalle ya cafke hannunsa, dattijon da ko tafiya da sanda yake yi. Ya karɓe kofin, ya kai hanci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji.

"Tiburcio," ya ce a hankali. "Wannan hannun Tiburcio ne. Irinta aka sha ranar aurena."

Otilia ta zaro ido. "Mama! A butar shayi?"

Tsohuwa ta ce, "To a ina zan sa? Tun ranar da na fito da kwalbar nake ganin mijinki yana zagaya ta kamar kyanwa da kifi. Sai na juye ta inda na san hannunsa ba ya zuwa, na dafa wa ubanki shayi na zuba masa a kwalbar. Da ma tun yana da rai likita ya hana shi sha."

"Shi ya sa kwanan nan kike ta waƙa da hantsi!"

"Mijina nake tunawa, 'yar nan. Zuba wa baƙo."

Aka zuba wa Don Leocadio, aka zuba min, a ƙananan kofunanmu na jahilai. Ɗan'uwa, ban iya kwatanta maka ba. Kamar rana ta narke ta bi maƙogwaro. Kompadre ya miƙo kofinsa mai ƙafar balbela, murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, a ɗan ƙara min, in sake dubawa."

Ta rufe butar da tafin hannu. "A'a, ɗana. Butar tana son wanki."

Da la'asar Don Leocadio ya tashi tafiya. Ya yaba wa Otilia barkononta, ya sumbaci hannun tsohuwa. Kompadre ya raka shi bakin ƙofa yana jan riga ƙasa don ta rufe bel, hanci yana ta zuba har yanzu. Duk da haka bakin nan bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe... maganar kujerar fa?"

Dattijo ya sa hularsa, ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ta tekila kam, Eufemio, jaki mai mura ba zai iya ba ka ita ba. Amma kada bel ɗinka ya yi asara. Matan coci suna gasar shayi da ruwan 'ya'yan itace a ranar yara, suna neman alƙali. Sai in yi maka magana."

Kompadre ya fara gyara gashin baki. Na ga alama har ya soma shirya jawabin da zai yi wa matan coci. Sai muryar Doña Nicanora ta taso daga ƙarƙashin itacen lemo, tar, har maƙwabta suka ji:

"Leocadio, don Allah kada ka ba shi! Gaban yara ne fa. Kofi uku na shayi yake sha ya bugu!"